Yadda ake zaɓar shoka da sifirin ga motar daji da aka ɗaga

Duk wanda ya saba shiga Suame Magazine, unguwar garejoji da shagunan kayan mota a nan Kumasi, ya san irin cinikin da nake nufi. Mutum ya zo da Hilux ko Prado wadda aka riga aka ɗaga, ya tsaya gaban shago ya ce a ba shi shoka mai ƙarfi, mai shago ya miƙo masa wadda ta fi kauri da tsada, fita, wato makanike, ya ɗaura, kowa ya kama gabansa. Bayan wata uku motar ta dawo, shoka tana zubar da mai ko kunnenta ya tsinke, sai a ce kayan jabu ne. Wani lokaci jabun ne da gaske, amma a yawancin abin da na gani shokar ba ta da laifi: ko dai tsawonta bai dace da motar ba, ko kuma an ɗora mata aikin da na sifirin ne.

Sifirin shi ne yake ɗaukar nauyin mota, shi ne kuma yake tsayar da ita a tsayin da take. Shoka, wadda wasu ke kira shakazoba, aikinta hana sifirin ci gaba da lilo bayan ƙafa ta faɗa rami. Tana yin haka ne ta hanyar tura mai ta wasu ƙananan kafofi da bawul a cikin fistin, sai ƙarfin girgizar ya koma zafi, iska ta kwashe. Saboda haka motar da bayanta ya zauna ba sabuwar shoka take bukata ba, sifirin take bukata, kuma wanda ya riƙe wannan bambanci ya tsira daga rabin asarar da ake yi a wannan harka.

Fara da sanin yadda aka ɗaga motar

Kafin a yi maganar saye, a shiga ƙarƙashin mota da tocila a ga abin da aka yi mata, musamman in ba a hannunka aka yi aikin ba. Idan an sa wasu zobba ne tsakanin bodi da shasi, to bodi kaɗai aka ɗaga, tazarar da ke tsakanin shasi da aksil ba ta canza ba, don haka shoka mai tsawon asali ita ce daidai. Idan kuwa an canza sifirin, ko an ƙara masa falle, ko an sa zobe a kan sifirin mai naɗi, ko an murɗa sandar toshin-ba, wato sandar ƙarfen da take aikin sifirin a wasu motoci, to lissafin shoka ya canza.

A duba kuma irin gaban motar. Land Cruiser 80 da 105, da jerin 70 irin su 79 mai buɗaɗɗen baya, da Nissan Patrol Y61, duk aksil guda ne sandararre yake haɗe ƙafafun gaba biyu. Hilux daga samfurin 2005 zuwa yau, da Prado tun daga samfurin 90, da Ford Ranger, kowace ƙafar gaba tana motsi ita kaɗai a kan hannun sama da na ƙasa. Land Cruiser 100 da Nissan Hardbody su ma haka suke, sai dai sandar toshin-ba ce take ɗauke da nauyin gabansu. Motocin da kowace ƙafar gabansu take motsi ita kaɗai ba sa jure ɗagawa mai yawa, kuma ra'ayina shi ne kada a wuce milimita 50, wato inci biyu, sai da dalili mai ƙarfi da kuɗin gyara duk abin da zai biyo baya.

Sai awo. A ajiye mota a daɓe mai daidai, tanki cike, a auna daga tsakiyar cibiyar ƙafa zuwa bakin madigadi a ƙafafu huɗu, a rubuta. Ana farawa daga cibiya ne domin girman taya ko ƙarancin iskarta kada su shiga lissafi. Idan akwai irin motar wadda ba a taɓa ba, a auna ta ita ma, bambancin shi ne ainihin ɗagawar da aka yi, wadda sau da yawa takan saɓa wa abin da mai sayar da motar ya faɗa.

Lissafa nauyi kafin ka taɓa aljihu

A nan ya kamata a fi daɗewa, domin daga nauyi ake zaɓar sifirin, daga sifirin kuma ake zaɓar shoka. A raba kayan mota gida biyu: wanda ba ya sauka, da wanda ake ɗorawa a sauke. Na farko ya haɗa da bambar ƙarfe, winci, batir na biyu, kariyar ɗora kaya a kan rufi, rumfar baya, ƙarin tanki da safaya ta biyu. Bambar ƙarfe da winci kaɗai suna iya kusantar kilo 100, kuma da yake sun zarce ƙafafun gaba, nauyinsu a kan sifirin ya fi abin da sikeli zai nuna.

Na biyu kuwa kowa ya san nasa. Mai shiga ƙauyukan koko a yankin Sefwi ya san buhu ɗaya kilo 64 ne, buhu biyar sun zama kilo 320. Buhun siminti kilo 50 ne. Jarkar nan mai ruwan ɗorawa da ake kira galan Kufuor, in mai lita 25 ce aka cika ta da ruwa, kilo 25 ce, huɗu sun zama kilo 100, lita ɗaya ta dizal kuma ta ɗan haura gram 800. A haɗa da mutanen da aka saba ɗauka. Wanda ya sami damar hawa sikelin manyan motoci, ya auna gaba daban, baya daban, ya fi kowane ƙiyasi.

Kamfanoni irin su Old Man Emu, Dobinsons, Ironman 4x4 da Tough Dog, dukkansu na Ostireliya, suna rarraba sifirin ɗinsu bisa nauyin da ba ya sauka daga mota: akwai na mota marar kaya ko mai kaya jefi-jefi, akwai na wadda kullum take ɗauke da kamar kilo 300, akwai na abin da ya fi haka. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zaɓi mafi ƙarfi don wai ya fi ƙarko, alhali motarsa daga Aboabo zuwa Kejetia a cikin garin Kumasi take zirga-zirga ba kaya, sau biyu a shekara ake zuwa arewa. Irin wannan mota takan yi ta tsalle kamar jaki ya ga kura, bayanta ya riƙa zamewa a kan gargada saboda taya ba ta zama a ƙasa, masu zaman baya kuma su sauka da ciwon ƙugu. A zaɓi sifirin don nauyin da motar take ɗauka a yawancin kwanakinta.

Akwai abu ɗaya da sabon sifirin ba ya canzawa, wato iyakar nauyin da kamfani ya rubuta a farantin da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin gidan inji. Birki, aksil da shasi suna nan yadda suke, ko da bayan motar ya daina zama.

Game da ƙarin falle da ake yi a Magazin, ba na kushe shi gaba ɗaya, domin akwai masu hannu da suka iya, kuma falle ɗaya mai tsawon da ya dace yana taimakon fikof mai ɗaukar kaya. Abin da ba na yarda da shi shi ne gasa sifirin da wuta don a lanƙwasa shi, saboda zafin yana kashe taurin ƙarfen, ya zauna ko ya karye ba da daɗewa ba. Haka nan ba a sa tubalin ƙarfe tsakanin sifirin da aksil na gaba, ko da wa ya ba da shawarar.

Tsawon shoka

Kowace shoka tana da awo biyu, tsawonta idan ta miƙe gaba ɗaya da tsawonta idan ta shige gaba ɗaya. Mai kunne sama da ƙasa ana auna ta daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, mai tsinke kuma daga gindin tsinken. Mutane sukan kula da awon miƙewa su manta da na shigewa, alhali shi ne yake kashe shoka. Dalili kuwa shi ne shokar da ta fi tsawo jikinta ma ya fi tsawo: in ta fi ta asali da milimita 50 a miƙe, za ta fi ta da kusan milimita 25 a shige. Idan mota ta faɗa rami da kaya, robar tokare da ke tsakanin shasi da aksil ita ya kamata ta karɓi bugun. In shoka ta riga ta kai ƙarshenta, ita za ta karɓa, bawul ɗinta ya lalace, ko sandarta ta lanƙwashe, ko mazauninta ya tsage daga shasi.

Ga yadda ake awon a aksil sandararre, bayan an ɗaura sabon sifirin. A cire tsohuwar shoka, mota tana tsaye a kan ƙafafunta, a auna tazarar mazaunin sama da na ƙasa. Sannan a auna tazarar da aksil zai tafi kafin ya matse robar tokare, a lissafa kamar robar za ta kusan baje, domin a bugu mai ƙarfi haka take yi. A cire na biyu daga na farko. Misali, in tazarar mazaunai milimita 490 ce, tafiyar aksil kuma milimita 120, to a ƙurewar matsewa za a sami 370, don haka a nemi shokar da take shigewa zuwa 360 ko ƙasa da haka. Daga nan a ɗaga shasi, a tokare shi da ƙarfen tokare, kada a dogara da jak kaɗai, a bar aksil ya sauka a hankali ana kallon abu uku: tiyon birki, wayar ABS in akwai, da sifirin mai naɗi. Inda ɗayansu ya fara ɗamewa, ko sifirin ya fara sakin mazauninsa, nan ne iyaka, kuma shoka ta ƙare miƙewa kafin a kai wurin. Idan shokar da ake so ta fi tsawo a shige, maganinsa a ƙara wa robar tokare tsawo, in kuma tiyon birki ne ya gaza, a sayi mai tsawo.

A gaban Hilux, Prado ko Ranger, inda shoka take cikin sifirin, ba na ba da shawarar yin wannan lissafi da kai. A sayi saitin da aka ƙera wa wannan samfurin da wannan shekarar. Abin da za a auna shi ne saukar ƙafa: awon cibiya zuwa madigadi a tsaye, da kuma bayan an ɗaga mota ƙafa tana reto. Masu wannan aiki da yawa ba sa son bambancin ya gaza milimita 60, domin in ya gaza, ƙafa ba ta da inda za ta sauka ta bi rami, sai a riƙa jin ƙwal a kowane tudu. A tuna kuma shokar gaba tana zaune ne a tsakiyar hannun ƙasa, shi ya sa zobe mai kaurin milimita 25 yake ɗaga mota da abin da ya kusan ninka haka.

Wace irin shoka

Sai yanzu aka zo ga tambayar da mutane suke farawa da ita. Abokin gābar shoka zafi ne. A kan hanyar burji mai gargada, irin wadda ake samu in an bar kwalta a yankunan Atebubu, Salaga ko Tumu, fistin yana kai da komo ba hutawa, mai ya yi zafi ya yi kumfa, shoka ta saki, mota ta fara iyo. Duk bambancin da ke tsakanin nau'o'in shoka yana komawa ne ga yadda kowace take jure wannan.

Mai bututu biyu, kamar Nitrocharger ta Old Man Emu, ita ce ta fi yawa, ta fi sauƙin kuɗi, kuma bututun waje yana kare na ciki, ta yadda ko dutse ya lotsa ta takan ci gaba da aiki. Akwai irinta da ake sa wa soso na musamman a madadin iskar gas domin ta ɗauki mai da yawa, wadda Ironman 4x4 da Tough Dog suka shahara da ita. Mai bututu ɗaya, kamar Bilstein 5100 ta Jamus mai fistin milimita 46, tana da wani fistin na biyu da ya raba mai da iskar naitirojin, don haka mai ba ya kumfa da wuri, zafi kuma yana fita kai tsaye. Rauninta shi ne in jikinta ya lotsa, fistin ya maƙale, ta gama aiki, saboda haka ta baya tana bukatar kariya daga tsakuwar da ƙafar gaba take watsowa.

Ta uku ita ce mai ƙaramin tanki a gefe, irin ta Fox da King na Amurka ko BP-51 ta Old Man Emu. Ta fi kowace jure zafi, wasu ma ana iya saita taurinsu da hannu. Amma an ƙera ta ne don a riƙa kwance ta lokaci-lokaci, a canza mai da roba, a sake cika naitirojin. Kafin ka biya kuɗinta, ka fara samo wanda zai yi maka wannan aikin da kayan gyaranta, ka gan shi ido da ido. In ba haka ba, ka sayi abu mai tsada da za ka jefar kamar mai araha. Ga mai tafiyar Kumasi zuwa Tamale a kan kwalta, sannan ya ratse ƙauye na awa ɗaya ko biyu, mai bututu biyu ta kirki ko mai bututu ɗaya ta wadatar. Mai tanki ta dace da wanda yake wuni a kan gargada da kaya da gudu.

In hali ya yi, a sayi shoka da sifirin daga kamfani ɗaya, domin an daidaita bawul ɗin da ƙarfin sifirin. Ana canza shoka bibbiyu, hagu da dama tare. Prado ko Land Cruiser mai tsarin KDSS na hana tangaɗi, ko mai jakar iska a baya, ko Lexus LX mai ɗaga kanta da mai, kowace tana da nata kayan, a faɗa wa mai shago tun kafin ya ɗauko kwali.

A wurin saye

Ko a Magazin ne ko a Abossey Okai ta Accra, ka je da lambar shasi, da awon da ka rubuta, da tef a aljihu. Lambar da ke jikin kwali ta zama ita ce aka buga a jikin shokar, ka kuma duba ta a shafin kamfanin a wayarka ka ga ko ta motarka ce. Walda marar tsabta, fenti mai ɓarewa da farashin da ya yi araha fiye da hankali duk alamu ne. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar.

Wanda aljihunsa ya kai shi ga hom-yus, wato shokar da aka riga aka yi aiki da ita a ƙasar waje, ya tsayar da ita a tsaye, ya danna ta ya ja ta sau uku ko huɗu. Taurin ya kasance iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ba wurin da hannu zai zarce fayau, mai gas kuma ta miƙe da kanta. Sandar ta zama sumul ba tsatsa ba ƙwarzane. Na taɓa tsayawa ana wannan gwaji, mai mota ya ce, "Masta, ai an wanke ta tas, ba alamar mai." Fitan ya ce, "Alhaji, wankin ne ya sa nake tsoronta." Ya ajiye ta a rana bayan ya danna ta sau da yawa, ba a jima ba mai ya fara tsattsafowa ta bakin roba. Kada kuma a yarda a yi wa shoka mai gas walda don a canza mata kunne, domin zafi a kan bututu mai matsin iska haɗari ne ga mai waldar kansa.

Abubuwan da ɗagawa take janyowa

A aksil sandararre mai sifirin naɗi, ɗagawa tana rage kusurwar kasta, wato karkatar da take sa ƙafafun gaba su miƙe da kansu, sai mota ta riƙa yawo a hanya, sitiyari ya ƙi dawowa tsakiya bayan kwana. Ana gyara wannan da bushin gyaran kasta. Sandar Panhard kuma, wadda take riƙe aksil kada ya goce gefe, takan ja aksil gefe guda, maganinta sanda mai saiti. A gaban Hilux da Prado, a duba boljoyin na hannun sama kada ya ƙure, a duba robobin shaf kada su riƙa gugar kansu. In alaimen ya ƙi kamawa, sai hannun sama na musamman. Girgiza yayin tashi daga tsaye yawanci daga kusurwar farfela take, a fikof mai farfela biyu ana ɗan sauko da mazaunin tsakiya.

Akwai wani bawul a bayan tsofaffin Hilux da Land Cruiser da kusan kowa yake mantawa da shi. Yana auna zaman bayan mota ne ya ƙara ko ya rage ƙarfin birkin baya. In an ɗaga mota ba a ɗaga maƙalarsa daidai da haka ba, zai ɗauka kullum motar ba kaya, birkin baya ya yi rauni a ranar da aka fi bukatarsa.

Ɗagawa ba ta nisanta tulun giyar aksil sandararre daga ƙasa, taya ce kaɗai take yin haka. Daga 265/65R17 zuwa 265/70R17 tsayin taya yana ƙaruwa da kusan milimita 26, wato tulun ya tashi da 13 kacal, maleji kuma ya riƙa nuna ƙasa da ainihin gudu da kusan kashi 3 cikin 100.

Ɗaurawa da abin da ke bayanta

Sifirin naɗi da ke kan shoka ba a kwance shi sai da na'urar matse shi ta gaske, domin in ya kuɓuce yana iya kisa. A karanta alamar da ke jikin kowane sifirin, saboda a wasu saituna ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo don gefen da ya fi nauyi. Ostireliya sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa a Ghana tun 1974 muke bin hannun dama da sitiyari a hagu, don haka a bi abin da takardar ta faɗa game da mota mai sitiyarin hagu. A sa sababbin yubol, kada a mayar da tsofaffi. Duk notin da ya ratsa bushin roba, a bar ɗaurin ƙarshe sai an sauke mota ta tsaya a kan ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni. A yi ɗaurin da sufana mai auna ƙarfi.

Daga gareji a wuce wurin alaimen, a kuma saita fitilun gaba. A sanar da kamfanin inshora, in kuma canjin babba ne a tuntuɓi ofishin DVLA, hukumar lasisin direbobi da motoci, tun kafin a fara, tunda su ne masu ba da takardar lafiyar mota. A kwanakin farko a shiga kwana a hankali, domin motar da aka ɗaga ta fi saurin kifewa, balle in an loda kariyar sama.

Bayan kamar kilomita 500 a koma a sake ɗaure yubol da sauran notuna, a maimaita awon cibiya zuwa madigadi, tunda sabon sifirin yakan ɗan zauna. Da damina a riƙa wanke jar lakar da ke taruwa a jikin shoka, domin tana riƙe zafi tana cin roba, da hunturu kuma a duba rigar sandar kada ƙura ta shige. Bayan tafiya a kan gargada a tsaya a kai bayan hannu kusa da kowace shoka a hankali, saboda tana iya ƙuna. Wadda aka tarar da sanyi alhali sauran ukun suna da ɗumi ta daina aiki, sai a canza ta tare da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen.